Akwatin da Ke Cin Karkarwar Inji

Sifana na kwance ƙarƙashin tsohuwar bas, baƙin mai na ɗiga masa a goshi, sai ya ji muryar manaja a lasifika: "Wannan na'ura, wata takwas na yi ina fama da ita."

Ya zabura har ya ƙume kansa da ƙarfe. Wata takwas! Shi ne ya yi su, a kan bencin garejin kamfanin, da maganaɗisu da wayar tagulla da sifirin ɗin tsohuwar kujera. Ɗan akwati ne kamar tafin hannu. In aka ɗaure shi jikin inji, karkarwar injin ta riƙa kaɗa maganaɗisun cikin naɗin waya, sai wuta ta samu, fasinja su yi cajin wayoyinsu.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji direban bas ɗin. "Baba, haƙuri za ka yi."

"Haƙurin me? Yatsuna ne suka ƙone, ba nasa ba!"

Ya nufi wajen taron da ake nuna wa baƙi na'urar, hannu duk gires. Ashe manaja ya sa an cire akwatin daga tsohuwar bas an ɗaura a sabuwa, don kada baƙin da suka zo daga hedikwata su ga tsatsa. Aka tayar da mota. Sabon inji ya kama lumui, ko ƙuda bai kora ba. Ƙwan fitilar gwaji ya ƙi kamawa.

Manaja ya share gumi. "Kai, bakanike, zo ka duba, wata waya ce ta kwance."

Sifana ya matso. Ya kwance akwatin, ya taka zuwa tsohuwar bas, ya ɗaure shi tamau. Direba ya murɗa makulli, motar ta hau rawar ɗari, ƙwai ya haska fes.

Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai tabarau, ta biyo shi. "Malam, wa ya haɗa wannan abin?"

"Ranki ya daɗe, ga mai shi can. Tambaye shi naɗin waya nawa ne a ciki."

Ta juya ta dubi manaja. Kowa ya dube shi. Manaja ya waiwayo yana roƙon Sifana da ido.

Ɗari huɗu da sittin ne. Sifana ya ciro tsumma daga aljihu, ya shiga goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri.