Na-Rurum ko Ɗan Madachi

Malam Shitu ya tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya yana leƙe, har sai da Ramlatu, 'yar amininsa Manu, ta hango shi ta taso.

"Baba Shitu, sannu da hanya. Likita ya ce a riƙa yi masa hira." Ta sunkuyar da kai. "In gobe ta yi bai motsa ba, yayyena sun ce gida za su mai da shi, a jira ikon Allah."

Manu na kwance a gadon ƙarshe. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a wajen kiwo a Kibiya bai furta kalma ba.

Hirarsu kuwa ɗaya ce tun suna samari. Duk ranar kasuwar Rano sai sun tayar da ita a teburin mai shayi. Manu na bayan Na-Rurum mai kukuma, wanda a cewarsa muryarsa kan sa saniya ta saki nono. Shitu na bayan Ɗan Madachi, mai zuba hikima a kowane baiti. Mawaƙan sun daɗe a ƙasa, gardamar ba ta mutu ba.

Shitu ya zauna. Ya dubi bakin nan da ya karkace, ya tuna waƙar Na-Rurum ta rabuwar abokai, wadda ya saurara a waya da safe har hawaye suka jiƙa masa gemu.

"Manu," ya ce a hankali, "ka yi gaskiya. Na-Rurum ya fi."

Idon Manu ya tsaya a kansa. Sai hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunne, ya rufe ido.

Nan take Shitu ya gane kuskurensa. Sai mai shirin barin duniya ake bar wa gardama. Abin da dangi ke ta ɓoyewa, shi ya zo ya faɗa.

Ya gyara zama, ya ɗaga murya.

"Ya fi iya kuka, nake nufi! Kai Bafillace, waƙa ce wannan? Mutum ya yi ta jan baiti ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a rana? Ɗan Madachi ko tari ya yi, akwai ma'ana a ciki!"

"Haba Baba!" in ji Ramlatu.

Hannun Manu mai lafiya ya laluba bargo, ya damƙi bakin rigar Shitu. Leɓensa ya yi ta rawa.

"Ƙa... ƙarya."

Ramlatu ta fita da gudu tana kiran ma'aikaciyar jinya.

Shitu ya ci gaba da kushe Na-Rurum. Gaskiyar da ya taho da ita tun daga gida ya mai da ita ciki, ya san kuma ba zai ƙara fito da ita ba muddin Manu na numfashi.