Keken Mama a Gwanjo

Na-Gwanjo ba shi da shago mai ƙofa da kwaɗo. Shagonsa yana cikin waya, a wani shafin intanet inda ake sa tsohon kaya mutane su yi ta tayi har lokaci ya cika, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. Kayan kuwa suna falonsa a hawa na uku: tsofaffin rediyo, agogon bango, dutsen guga, kwalaye har bakin taga. Matarsa ta daɗe da daina faɗa. Ta share wa kanta 'yar hanya daga ɗaki zuwa kicin, ta bar masa sauran.

Shekara shida ke nan da aka sallame shi daga aikin sito, kuma tun ranar shagon nan ke ci da gidan. Abin da ke riƙe da shagon kuwa taurari ne. Duk wanda ya sayi kaya ya ji daɗi sai ya danna masa tauraro biyar, ya rubuta 'yar magana ta yabo. Ya tara irin wannan shaida sama da ɗari takwas. A sana'ar nan in ba ka da taurari, wa zai tura wa baƙo kuɗinsa don kawai ya ga hoton rediyo? Shi ya sa yake lallaɓa su kamar ƙwai. Ko ido bai wanke ba da safe sai ya duba su.

Amma kada ku ɗauka waliyyi ne. Can baya, in ya ga kaya ya kwanta ba mai tayi, sai ya kira ƙanwarsa, wadda ke aiki a wani shagon magani.

"Auta, shiga ki ɗan taɓa min agogon nan, ya yi barci."

Ita kuma ta shiga da sunanta ta taya, ba don tana so ba, sai don masu so su ji tsoro su ƙara. Sun yi haka ya fi a ƙirga, har ranar da masu shafin suka gano. Suka rufe sunan Auta, shi kuma suka aiko masa da gargaɗi: in aka sake ganin tayin boge a kayansa, shagon ya tafi ke nan, ba dawowa. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Ya tuba, kuma wallahi ya riƙe tuban shekara uku cur.

Sai mahaifiyarsu ta rasu.

Da suka je kwashe ɗakinta, ba wani abin kirki. Katifa, tukwane, akwati biyu, sai keken ɗinki. Baƙin keke ne na ƙafa, mai zanen ruwan zinariya, kan teburinsa na katako. Da shi ta ciyar da su, da shi ta yi musu kuɗin makaranta. Na-Gwanjo ya tsuguna yana duba lambar da ke jikinsa, kuma Allah ya sani ya yi kukan uwarsa, amma ido ya riga ya saba. Yana ganin lambar ya san irin wanda masu tara tsofaffin kaya ke nema ido rufe ne.

"Yaya, ka bar min keken," in ji Auta.

"Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa? A ina ma za ki sa shi, a ɗakin naki da in kin miƙe ƙafa sai ki taɓa ƙofa?"

"Zan sama masa wuri."

"Tsatsa zai yi a hannunki. A sayar, a raba, kowa ya amfana."

"Ni ba rabo nake so ba."

Ya yi 'yar dariya, don ya kashe maganar. "To, mai so ya taya."

Ta ci gaba da ninke zannuwa.

Yana da ƙa'ida ɗaya a sana'arsa da yake alfahari da ita: kada mai saye ya ji warin mai kaya na farko. Don haka kwana biyu ya yi a kan keken. Ya zazzage 'yar durowar teburin a kwandon shara, maɓallai da guntun alli da tsohon tef ɗin awo. Ya ɗaga murfin katakon ya ga cikinsa duk rubutun fensir, lambobi birjik, ya sa sanfefa ya goge tas, ya shafa mai. Ya shimfiɗa farin zanen gado kusa da taga, ya ɗauki hoto goma sha biyu. Kai, keken ya fito kamar yau aka sauke shi daga kamfani.

Ya sa shi gwanjon kwana bakwai. Kwana huɗu na farko mutum ɗaya ne ke tayi, wani dillalin tsofaffin kaya da ya sani, mai taurari fiye da nasa, maƙo kuma kamar me. Ranar ta biyar sai ga wani sabon suna, Farin Zare, ba tauraro ko ɗaya. Dillali ya taya, Farin Zare ya ɗora kaɗan. Dillali ya ƙara, Farin Zare ya sake ɗora kaɗan. Ba ya tsalle, ba ya kuma ja da baya.

Na-Gwanjo ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Yana naɗe kwali da salatif yana leƙen waya. Yana layi a gidan waya yana leƙen waya.

"Zo ki ga wani wawa," ya ce wa matarsa. "Sabon shiga ne, bai san ana jira sai minti na ƙarshe ba. Allah ya ƙaro mana irinsu!"

Matar ta duba hoton, ta daɗe tana kallo. "Ka kira Auta kuwa?"

"In an sayar na kira ta da albishir."

Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma gwanjon zai rufe. Ya zauna kan wani kwali, waya a hannu, gumi na bin wuyansa. Saura minti ɗaya dillali ya yi wani tsalle da ya sa Na-Gwanjo miƙewa tsaye. Saura daƙiƙa tara Farin Zare ya ɗora kaɗan a kai. Lokaci ya cika. Keken ya tashi a ninki uku na abin da ya yi tsammani, kuma mai sayen ya biya nan take.

Washegari da safe ya laluba waya ya duba taurarinsa kamar kullum. Babu su. Babu hoton rediyo, babu agogo, babu komai, sai wani farin shafi da layi huɗu. An rufe shagon har abada saboda tayin boge. Lambar waya da katin bankin Farin Zare iri ɗaya ne da na sunan da aka rufe shekara uku da suka wuce. An soke cinikin, an mayar wa mai saye kuɗinsa.

Ya karanta sau uku kafin ya gane.

Ya kira Auta. "Auta, ke ce Farin Zare?"

Ta ce, "Kai ka ce mai so ya taya."

"Wasa nake yi! Wasa! Kin san abin da kika yi min? Kin kashe ni, Auta, kin kashe gidan nan!"

"Ni saya na yi, Yaya. Wallahi saya na yi. 'Yan kunnena na kai kasuwa aka saya, na haɗa da albashina. Sabon suna na buɗe don kada ka sani ka hana ni. Ban san za su gane ba."

Ya rubuta wa masu shafin. Ya ce ƙanwarsa ce, e, amma wannan karon da gaske take, keken mahaifiyarsu ne, ta rasu watan jiya. Ya karanta abin da ya rubuta, shi kansa ya ji kamar ƙarya. Sau nawa ta taya na ƙarya aka yarda, yau da ta taya da zuciya ɗaya ga inda aka kwana! Amsa ta zo cikin minti biyu, irin wadda ba mutum ne ya rubuta ba: an duba, hukuncin yana nan. Ya sake rubutawa sau biyar, sau biyar amsar nan ta dawo ba a canza ko wasali ba. Ya nemi buɗe sabon shago da sunan matarsa, suka ga adireshin gidan, suka rufe kafin ya sa hoto na biyu.

Mako guda yana zaune tsakanin kwalaye. Kayan da jiya suke dukiya yau sun koma tarkace. Ya kai rediyo uku wajen masu saye a bakin titi, suka taya masa abin da bai kai kuɗin motar da ya kai shi ba. Matarsa ba ta ce masa ga laifinka ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta dai fara tambayar maƙwabta ko akwai inda ake neman mai aiki.

Keken yana nan bakin taga kan farin zanen, yana ta sheƙi. Ranar Litinin ya gaji da ganinsa. Ya samo mai 'yar motar kaya, suka sauko da shi hawa uku suna nishi, suka tsallaka gari.

Auta ta buɗe ƙofa da rigar aiki a jikinta, kunnuwanta ba komai. Ta riga ta matsar da gadonta jikin bango, ta share wuri daidai faɗin teburin. Ashe tun ranar gwanjon ta share shi.

Suka ajiye. Ba wanda ya kalli wani. Ta shafa kan keken, ta jawo 'yar durowar. Wayam. Ta tsaya jim, sannan ta ɗaga murfin katakon ta leƙa cikinsa, ta karkata shi wajen haske, ta sake leƙawa.

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

"Awonmu. Duk shekara in za ta ɗinka mana kayan makaranta a nan take rubutawa. Kafaɗarka, tsawona, da shekarar. Tun ina aji ɗaya." Ta bi katakon da yatsa, sumul, sai ƙamshin mai. "Shi nake so, Yaya. Ni me zan yi da keke?"

Ya buɗe baki, sai gaskiya ta fito da kanta. "Na goge. Saboda hoto."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi. Ta mayar da murfin a hankali ta rufe.

"Ya yi kyau," ta ce. "Kamar ba a taɓa amfani da shi ba."

Ta ɗauki jakarta ta ce za ta makara aiki. Ya sauko ya tsaya bakin titi, mai motar yana jiran sallama. Hannunsa ya shiga aljihu da kansa, ya ciro wayar, ya danna wurin da ya saba dannawa. Farin shafin nan ne, da layinsa huɗu.