Wushiryar Jessica

Korona ta yi wa mutanen Unguwar Boro abin da iyayensu suka kasa: ta koya musu goge baki. Da kowa ya ɗaura takunkumi ya shaƙi warin bakinsa da kansa, sai da buroshi ya ƙare a shagon Baba Haruna. Ni da nake ɗinka musu takunkumin na sha dariya har na gode Allah.

Amma ba wanda ya mori annobar kamar Jessica, 'yar maƙwabciyata. Allah ya yi mata wushirya, irin wadda in ta yi murmushi cikin mawaƙan coci samari ke rikita baiti. Ita kuwa ta tsane ta, tun ranar da ƙawarta Lizzy ta kalli hotonta ta ce, "Sista, wannan get na haƙoranki ai ɗan acaɓa zai wuce da fasinja. Ƙauyanci ne, wallahi."

Ana sassauta kulle Jessica ta tafi wurin likitan haƙori a ɓoye, aka ɗaura mata wayar haɗe haƙora. Dabararta ita ce takunkumi ya rufa mata asiri har wushiryar ta haɗe, sannan ta ba saurayinta mamaki. Saurayin shi ne Wilfred, direban tanka a Rido, wanda ya riga ya ce da ita zai kawo iyayensa.

Shekara ɗaya da rabi ba wanda ya ga bakin yarinyar nan. Duniya ta yar da takunkumi, wasu har sun mai da shi tsumman goge takalmi, ita tana nan da nata. Fasto ma ya tsayar da ita gaban jama'a, wai a yi koyi da mai kiyaye doka. Lizzy ce kaɗai ta taya ta, ita ma ta koma ɗaurawa a 'yan watannin ƙarshe. In Wilfred ya kawo tsire, sai Jessica ta ce ta ƙoshi. Ni da na san waya ce ke hana ta tauna, tausayi da dariya suka riƙa kokawa a cikina.

Ran da aka zo gaisuwa ina cikin falon. An cire wayar kwana uku kafin nan. Jessica ta durƙusa gaban mahaifiyar Wilfred, ta zare takunkumi a hankali, ta saki murmushi. Haƙora reras, ko allura ba za ta ratsa ba.

Tsohuwar ta gyara tabarau. "Sannu, 'yata. Je ki kira mana yayarki."

"Mama, ni ce Jessica."

"A'a. Ɗana ya ce mini mai wushirya ce, irin ta kakarsa. Shekara biyu ba shi da zance sai wushiryar nan."

Wilfred dai ya saki baki yana kallo. Da ƙyar ya ce, "Jessi, wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

Aka sha lemo, aka ce za a sake sa rana. Ba a sa ba.

Jessica ta koma wurin likita da kuka. Ya ce in ta daina sa robar riƙe haƙora da ya ba ta bayan cire waya, wataƙila wushiryar ta dawo, amma sai ta yi haƙurin shekara guda ko biyu. A kwata ta jefa robar. Kullum da safe sai in hango ta da madubi da tsinken sakace, tana gwadawa ko ya soma shiga.

Watan jiya Lizzy ta shigo shagona da farin leshi da katin biki mai sunanta da na Wilfred. Ta zauna, ta zare nata takunkumin, ta yi mini murmushi. Wani a Tudun Wada ya fere mata haƙora biyu na gaba ya yi mata wushirya, har yanzu iska in ta shiga sai ta runtse ido.

"Anti," ta ce, "ya kika ga get ɗin?"