Juyi Uku a Sandar Birki

…kuma tayar ta ƙi juyawa. Maidaji yana tura ta da hannu biyu, tana tafiya rabi tana cijewa. Zagaye uku kacal ya yi da motar a bayan garejin nan na Baiyun a ƙasar Sin, amma farantin birki ya yi zafin da in ka tofa masa yawu sai ya yi ƙara. Ƙauri kuwa kamar an manta tukunya a kan wuta.

Kalifa ce. Dole kalifa ce, ƙarfen nan da ke matse faranti in an taka birki. Wansa Barmo ne ya sayo su, shi ya ɗaura su, to wa za a tambaya? Wata bakwai suna haɗa wa laoban Liang motar nan su biyu — laoban, wato maigida, mai garejin da Allah ya jarabta da son tsohuwar mota: jiki na zamanin kakanni, inji mai silinda takwas tsirara ba murfi, jan fenti. Aikin banza mai daɗi. Barmo ke gwada ta, ƙafar nan tasa ta dama da shan inna ya gajarta tana kaiwa feda da ƙyar…

To ai ya canza kalifar. Jiya. Sababbi fil daga kwali. Ga shi tana cijewa kamar ba a yi ba.

Tiyo ne, to. Tiyon mai ya kumbura ta ciki, shi ma ai Barmo ne ya — a'a. Tayoyin gaba sun riƙe, na baya ma sun riƙe. Tiyo huɗu ba sa haɗa baki su lalace rana ɗaya. Ya sani. Tun jiya ya sani, kewaye-kewaye kawai yake yi.

A talabijin ɗin ofis ana ta ihu, wani ya ci zinare a wasan Olamfik na Beijing. Wasan nan ne ya sa aka ce wa Barmo mei yo a wurin sabunta biza, babu, koma gida. Saura kwana huɗu jirginsa ya tashi suka fita gwaji, hayaƙi ya turnuƙe tayoyi a gaban laoban, kunya ta rufe Maidaji, bakinsa ya riga hankalinsa — aikin gurgu ke nan. Da Hausa. Sinawa biyar a tsaye, ba wanda ya fahimta sai mutum ɗaya. Barmo ya goge hannu da tsumma, ya ninke ya ajiye. Mutumin da ya goya shi da wannan ƙafar har asibiti suna yara… shekara talatin da takwas ko a faɗan yarinta kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, sai a ƙasar mutane, a kan mota?

Kwana talatin da ɗaya rabon da ya ji muryar Barmo. In ya kira Kano, Madina matar Barmo ke ɗauka. Yayanka yana barci. Ƙarfe goma na safe? Barmon da ko da azumi ba ya runtsawa da rana?

Da kalifar ce, da ya sami abin riƙewa: na yi baƙar magana, amma Yaya kai ma ka yi kuskure. Rabi da rabi. Ana iya shiryawa a kan rabi da rabi.

Yana sassauta ɗan notin fitar da iska. Mai ya yi tsartuwa, taya ta saki. Man ne ke maƙalewa, ba ya komawa… daga sama ke nan, daga masta, tukunyar da ke turo shi. Ya ɗaure notin, ya taka, ya saki, taya ta sake cijewa. Noti biyu ke riƙe da masta. Sifana tana zame masa — zufa ce, zafin garin nan ne, ba wani abu ba. Ya kwance su kaɗan, ya janye ta daga sandar feda, kaurin farce…

Taya tana juyawa. Har yanzu tana juyawa.

Sandar ce ta yi tsawo. Tana danne da masta ko ba a taka ba, ta toshe ramin da mai ke komawa, in ya yi zafi ya kumbura ba inda za shi sai taya. Wa ya taɓa sandar? Wane ne ya —

Wata Laraba da rana. Barmo ya tafi unguwar Xiaobei cin tuwo. Shi kuma ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya ƙara mata juyi uku, don feda ta taso ta tarar da ƙafar Yaya, ya daina zamowa bakin kujera ana kallonsa. Bai gaya masa ba, Barmo ba ya son a ji tausayinsa. Har daɗi ya ji ranar. Ya manta… wallahi tallahi ya manta.

Barmo fa? Ya hau, ya ji feda ta matso kusa. Makanikin shekara ashirin da biyar, zai kasa ganewa? Da hayaƙin ya tashi ya san sandar ce. Ya san hannun wa. Ya sha zagin, ya ƙi tona ƙanensa a gaban laoban.

Yana zaune a kan siminti. Juyi uku baya, minti biyu, mota ta warke. Tsakaninsa da Yaya fa? Ya kira ya ce me — Yaya, na gano, ni ne? Ai ya sani. Tun kafin ya hau jirgi ya sani…