Fararen Ƙwan da Melkio Ya Kwaso

Hantsi bai gama dubawa ba, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, yashin filin ƙwai kuwa sai tururi yake kamar an buɗe tukunya. Haka yake kullum a wannan gefen na tsibirin Savo, wutar da ke ƙarƙashin dutse ce take ɗumama shi. Kajin yashi sun riga sun zo tun da sassafe, sun tona, sun binne ƙwansu, sun koma daji abinsu. Su ba sa kwanci, yashi ne yake yi musu.

Melkio ya iso da kwandonsa da ɗan katakon tono. Wata uku ke nan da ya auri Selina, ya baro tsibirinsu ya zauna a garin iyayenta. Yau surukinsa, tsoho Anselmo, ya ce ya je ya tona a yankin gidansu, in aikin ya yi kyau a yanka masa nasa wurin. A garin nan namijin da ba shi da wurin tono, ko ya yi furfura, baƙo ne.

Kasiano, ƙanin Selina, wanda shi ma magidanci ne, ya yi tayin raka shi. Melkio ya ce a bar shi kawai, ai shi cikin kaji ya tashi, duk garinsu babu mai kiwo kamar mahaifiyarsa.

"To, mijin yaya, a dawo lafiya," in ji Kasiano yana gyaran komarsa ta kamun kifi. "Sai dai kajinmu ba su san tsohuwarka ba."

Melkio ya yi ta tono har ramin ya kai masa ƙugu. Ƙwan da ya fara cin karo da shi ja ne kamar sabuwar tukunya, ya yi biyun na kazar gida. Ya juya shi, bai yi masa ba. Da ya ƙara nitsawa sai ga waɗansu farare tas, gwanin sha'awa. Ya ce a ransa ai waɗannan su ne sababbi, jajayen sun daɗe har ƙasa ta rina su. Ya tsince fararen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da jajayen ya rufe su da kyau. Sannan ya lulluɓe kwandon da ganyen ayaba, don kada masu tono a maƙwabta su gani kafin mutanen gida.

A gida, surukarsa Marita ta riga ta yanko gorar da za a fasa ƙwai a ciki a gasa, ta goge kwakwa, rogo yana kan wuta. Kowa na gindin mangwaro. Melkio ya dire kwandon a gabanta, ya ja da baya yana share gumi.

Ta ɗaga ganyen. Sai ta mayar da shi a hankali. Selina ta leƙa, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

Tsoho Anselmo ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya jinjina shi, ya ba Melkio ya ce ya fasa da kansa. Melkio ya ƙwanƙwasa shi a bakin gora. Maimakon gwaiduwa, ɗan tsako ne ya sulluɓo tafin hannunsa, jiƙe sharkaf, gashinsa ya gama fitowa. Ya motsa ƙafa sau ɗaya. Bai sake ba.

"Ɗana," in ji tsohon, bai ko ɗaga murya ba, "ja shi ne na yau, shi ake ci. Wanda ya koɗe ya yi fari ya daɗe a ƙasa, akwai rai a cikinsa. Tun kakanninmu ba a fito da shi. In kowa ya kwashe farare, baɗi wa zai zo ya yi mana ƙwai?"

Da dariya aka yi masa, da ya fi samun sauƙi. Amma Marita ta koma hura wutar da ba ta mutu ba, Kasiano kuma, da bakinsa ba ya hutawa, ya zuba wa komarsa ido. Melkio ya rasa inda zai ajiye abin da ke hannunsa. Selina ce ta zo da ganye ta karɓa.

Tsohon ya ce ya mayar da sauran yanzu, tun ɗuminsu bai fita ba, ya dasa su a tsaye, tsinin a ƙasa, zurfin da ya same su. Maganar yanki kuwa an ajiye ta sai ranar da aka ga tsako ya fito daga wurin. In duk sun mutu, to ya yi shekara yana riƙe wa Kasiano kwando.

Hanyar filin ta tsakiyar gari ta bi. Mutum ya nufi can da cikakken kwando, babu wanda bai san ma'anarsa ba. Mata masu wanki suka gaishe shi da ladabin da ya wuce kima. Wani dattijo ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa da kajinta, ashe har maganar ta riga shi isa.

Daga ranar, kullum da safe yana can, tsugune a bakin wurin. Kwana biyar babu komai. Ya daina cin ƙwai, ko an zuba masa sai ya ture wa Selina. Kasiano ya fara kiransa uwar kaji, yana tambaya ko a kawo masa tsaba wurin kwanci. Melkio yakan yi murmushi kawai.

Ran kwana tara, da rana ta ɗan ɗaga, ya ga yashi yana motsi a gefen wani ɓawon kwakwa da iska ta jefo. Wani abu yana turowa daga ƙasa, ɓawon ya danne shi. Melkio ya waiga. Tsoho Anselmo yana can nesa kaɗan cikin nasa ramin, ya daina tono, ya dafa katakonsa yana kallo.

Melkio ya sa yatsa biyu ya ɗage ɓawon. Wani ɗan kai mai ruwan ƙasa ya ɓullo, sai fukafukai. Tsakon ya zauna yana haki, ya girgije yashin jikinsa, ya yi tsalle biyu, ya tashi sama ƙasa-ƙasa ya shige daji. Ko waiwayowa bai yi ba.