Lambar da Auta Ta Ƙi Rubutawa

Shekara talatin da ɗaya Kyaftin ya yi yana tuƙa jirgin sama, kafin idonsa ya fara yi masa gardama ya ajiye aiki. Har yau in jirgi ya ratsa ta saman gidansu sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ya sauko da wuri." Matarsa takan ce, "To buga masa waya mana ka faɗa masa."

Autarsa tana aiki a makarantar koyon tuƙin jirgi. Ita aka ba sabunta littafin da ɗalibai ke nazarin sauka da shi: ta ina ake tunkarar titin jirgi, da iya inda matuƙi zai sauko kafin ya fasa ya koma sama in gajimare ya rufe masa titin.

Wata Asabar da hantsi ta zo gida da kwamfutarta, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Baba, in mutum ya taho ta gabas, ta kan tudun nan, a tsayin ƙafa nawa zai fasa sauka?"

"Ɗari shida," in ji shi, ko numfashi bai ja ba.

"Haka tsohon littafin ma ya ce. Amma bai faɗi inda ya samo ba. Kai a ina ka gani?"

Kyaftin ya zare tabarau. "A ina na gani? Na sauka ta nan ya fi sau dubu, tun ba ki san hannun damanki ba. Rubuta kawai."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya sa lambar da ba ni da takardarta ba. Ɗalibi zai haddace ta."

Maganar ta sosa masa rai. Wunin ranar a taƙaice yake amsa kowa, har matarsa ta ce, "Yau kuma an taɓa mana jirgi ke nan."

Ranar Litinin da kansa ya ce ta shiga mota, a je a kashe gardama. Suka nufi ofishin taswira na filin jirgi, wani ɗaki mai sanyi cike da dogayen durowoyi. Jami'in ofishin, wanda ya san Kyaftin tun yana aiki, ya miƙe da sauri.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne da kanka?"

"Ni ne. Fito mana da taswirar gabas, yarinyar nan ta gani da idonta."

Jami'in ya shimfiɗa ta a kan tebur. Kyaftin ya bi layin da yatsa har inda lambar take, sai yatsan ya tsaya. Ɗari bakwai da arba'in. Ya goge tabarau ya sake dubawa.

"Shekara huɗu ke nan da canzawa," in ji jami'in. "An kafa ƙarfen sabis na waya a kan tudun, aka sake awo, aka ɗaga lambar. Ga rahoton masu awon."

Kyaftin kuwa shekararsa shida da barin aiki. Ya hango wani sabon matuƙi cikin gajimare, da tsohuwar lamba zaune a kansa, ga ƙarfe tsaye a gabansa.

Auta ba ta ko kalle shi ba. Ta kwafe lambar, ta rubuta sunan taswirar a ƙarƙashinta, da ranar da aka fitar da ita, da shafin rahoton. Kyaftin yana tsaye yana kallon hannunta, wani daɗi na cika masa ƙirji irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka fara ba shi jirgi shi kaɗai.

Ya dafa kafaɗar jami'in. "Ka gan ta nan? 'Yata ce. Ni da na haife ta na ba ta lamba, ta ce sai na kawo takarda!"

Jami'in ya yi dariya. "Da irinta biyu gare mu a nan, ai da mun huta."

A hanyar komawa Kyaftin ya gyara murya. "Auta, shafi nawa ne suka rage?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Kawo su gida gobe. Ni zan nuna miki lambobin da na sani tun zamaninmu, ke kuma ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga waɗanda suka tsufa."

Lambobi uku suka samu da suka tsufa. Aka gyara su kafin littafin ya tafi ɗab'i.