Masu Gadin Maɗaci

Ni na tara mutanen unguwa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidanmu a bakin kwari yake, jikin ɗan kurmin da ya rage mana a tsakiyar gari, kuma saiwoyin wani tsohon maɗaci ne ke riƙe da ƙasar da ɗakin ɗinkina yake kai. Ranar da itacen nan ya tafi, ɗakin zai bi ruwa, da keke da kayan mutane.

Masu yankan katako sun riga sun cinye rabin kurmin. Na yi ta sintiri zuwa ofishin gandun daji har na kwaso ciwon ciki. Jami'in ya ce doka a fili take: ɗanyen itace ba mai taɓa shi, busasshe kuwa duk mai izini ya ɗauka. Masu gadi ne dai ba su da su.

Sai muka raba gadin tsakaninmu. Mai faci da safe, mai wanki da rana, baban yara in ya taso daga aiki. Na ɗinka musu riguna kyauta, na sayo usur, na ajiye benci a gindin maɗacin. Da an ji kukan inji, a busa. Mun kore su ba sau ɗaya ba, mai faci har da jifa da takalminsa. Hankalina ya ɗan kwanta, cikin ma ya lafa, albarkacin wani jiƙo mai ɗaci da baban yara ke ba ni da safe.

Kawai sai ganye ya fara zuba a tsakiyar damina. Na janye bencin na duba. An saɓe ɓawon itacen kaf, an zagaye shi, daidai inda hannun mai zaune yake kaiwa. Ba aikin gatari ba ne. Wuƙar aljihu ce, kaɗan-kaɗan.

Na tara su, raina a ɓace. Mai faci ya ce ɗan mitsitsi ya ɓantara wa surukarsa. Mai wanki ya ce na zazzaɓi ya ɗiba, kuma ai ya tarar an fara. Kowa ɗan kaɗan, kowa ɗan kaɗan, ashe kura na ba ajiyar nama, har da ɗinka mata riga! Na wanke su tas. Baban yara dai ƙasa yake kallo yana ba ni haƙuri.

Jami'in ya zo ya ƙwanƙwasa itacen, ya ce ya mutu a tsaye. Ba a jima ba masu injin suka iso da rana tsaka, da izininsu. Babbansu ya gaishe ni da ladabi, ya roƙa a ɗauke bencin kada ya karye. Ga usur a hannuna, amma wa zan kira?

Na shiga gida na fara kwashe kayan ɗinki. A bayan buhun ƙyalle na ci karo da wata roba, cike da jan ɓawo a jiƙe.

"Baban yara, abin da kake ba ni ke nan?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ke kika ce ciwon ya lafa ba?"

A waje injin ya yi shiru, sai ƙasa ta girgiza, zare ya zubo daga kan kantar ɗakin. Ta taga na hango hadari yana haɗowa.

"Kama mini keken," na ce.